Taku Biyun da Na Ci a Lungunmu

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Daga mahaifiyarka a Haɗeja, zuwa ga ɗana Abba.

Ina yi maka sallama, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, ka sami wuri kusa da taga, kayanka suna gabanka inda idonka ke ganinsu. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin ruwa da sharrin abokin tafiyar da ba ka san halinsa ba. Amin.

Na san za ka yi mamaki in ka kwance ƙunshin guzuri ka tarar da takarda a ƙarƙashin ƙuli-ƙuli. Na sa ta can ne don na san ba za ka kwance ba sai yunwa ta taɓa ka, kuma ba za ta taɓa ka ba sai jirgi ya bar Malam Madori. Ba na so ka karanta ina kusa. Kwana huɗu na yi ina rubutawa, kaɗan bayan azahar, kaɗan bayan la'asar. Inda ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya daɗe da taɓarya kafin ya san fensir. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce in riƙa barin fili tsakanin kalma da kalma, kada su hau juna kamar gidajen unguwarmu. Ina ƙoƙari.

Ka ga Abba na rubuta. Na iya rubuta sunanka na yanka, na taɓa gwadawa a ƙasa sau ɗaya na share da ƙafa. Sunan surukina ne, abin da baki bai faɗa ba hannu ma ba zai faɗa ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yau ka baro shi. Wata shida za ka yi a makarantar awo, ka dawo a ba ka igiya da littafi, ka riƙa gaya wa manya inda za su sa katanga da inda ba za su sa ba. A shekara gudan da ka yi kana bin malamin awo na En'e, ka sha zama a bakin murhu kana jera mini dokokin sabon tsarin tsakiyar gari, ina tuƙa tuwo kamar ba na ji. Ina ji. Gidan da ya fuskanci hanyar kasuwa, ba jinka, ba dangar zana, saboda gobara. Ƙofofin kantuna su tsaya a layi ɗaya, kada wani ya turo rumfarsa gaba. Kowane ɗaki da taga. Salga nesa da rijiya. Masu banda da majema su koma bayan ganuwa. Kowane lungu ƙafa goma, yadda jaki da mangala zai wuce, ruwan sama ma ya sami hanya. Na haddace su kamar karatun allo.

Abin da ya sa na ɗauki fensir shi ne jan fentin da kuka shafa makon jiya a jikin ɗakin Inna Fanna, maƙwabciyarmu ta tsallaken lungu. Ka shigo gida ran nan ba ka ci tuwo sosai ba. Ka ce ɗakinta ya ci hanya da taku biyu, bayan kaka za a rushe, kuma abin da zai rage bai kai girman ɗakin da doka ta yarda a sake ginawa ba, sai dai a ba ta fegi a bayan gari. Ka san gwiwoyinta. Ka san wannan ɗakin ne kaɗai gare ta, ita da jikokinta biyu, kuma kusancin kasuwa ne ke ciyar da su. Abba, wannan jan fentin ba a jikin ɗakinta ya kamata ya zauna ba. A jikin katangarmu ya kamata. Zan faɗa maka dalili, amma bari in fara da ƙaramin laifi, hannuna ya saba tukuna.

Ka tuna tagar ɗakina, wadda kuke leƙe ta ciki kai da ƙanwarka Asabe? Ba kullum take a buɗe ba. Lokacin tsarin farko, shekarar da aka haife ka, aka ce kowane ɗaki sai da taga. Magini ya zo ya huda mini ita ta wajen lungu, daidai ƙirjin mutum. Kwana uku da hudawa, ina ɗaura zane, na ɗaga kai sai na ga hula tana wucewa, mai ita yana kan jaki, ya juyo ya ce, “Salamu alaikum, maigidan na nan?” Na durƙusa bayan gado har sai da na daina jin ƙararrawar jakin. Ran nan na cusa tsumma a tagar na yaɓe ta da laka. In an ce ga duba-gari ya shigo unguwa, sai in sa muciya in ture, in ya tafi in sake yaɓewa.

Mutumin ba wawa ba ne. Wata rana ya tsaya a tsakar gida, babanka na gefensa, ni ina bayan ƙofa, ya ce, “Uwar gida, wannan tagar taki kullum na zo da ɗanyar laka a bakinta. Zufa take yi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, zanzaro ne.”

Ya ce, “To a gai da zanzaron. Na ga yatsunsa biyar, har da zobe.”

Babanka ya yi dariya har da tari. Ni kuwa tsoro ya kama ni, da yamma na tara ƙwan zabi a ƙwarya na aika masa. Ya dawo mini da su ko ɗaya bai taɓa ba, ya ce a gaya mini in dafa wa yaro, shi iska yake so ta shiga ɗakin. Na ji kunya, amma ban daina ba. Da na haifi Asabe cikin sanyi, wuta ba ta mutuwa a ɗakin har na yi arba'in, taga a toshe, ƙofa da asabari. Tarin da ka san ta da shi tun tana rarrafe, wanda ke hana ta barci in damina ta sauka, ni na san daga inda ya fara. Babanka ya ce daga Allah ne. Komai daga Allah ne, amma lakar ni na kwaɓa.

To ga abin da nake so ka riƙe. Dokar tana da gaskiya, ɗaki yana son iska. Amma wanda ya huda tagar bai tambayi wadda za ta ɗaura zane a ɗakin ba. In ka zo zana taga a takardarka, ka ɗaga ta sama, sama da kan mai jaki, in hanyar raƙuma ce sama da haka. Ba za ka iya shiga ɗakunan matan mutane ba, amma kowace unguwa tana da tsohuwar da ke shiga ko'ina. Ka durƙusa ka gaishe ta ka tambaye ta. Tagar da mace ke jin kunyarta, ko sau nawa ka zo dubawa, a toshe za ta kwana. Kuma in an aiko maka da ƙwai, ko kaza, ko ƙunshin goro kana tsakiyar aikin gidan mutum, ka mayar, amma ka mayar da fara'a kamar yadda wancan bawan Allah ya yi mini. Mai aikowa sau da yawa ba mugu ba ne, tsoro ne ke damunsa. Ka mayar masa da kayansa, kada ka haɗa masa da wulaƙanci.

Yanzu ga babban.

Shekarar da aka haife ka wuta ta ci rumfunan kasuwa, ta lasa har unguwarmu, ta cinye dangoginmu na zana. Da kaka ta yi sai aka aiko masu awo su fitar da layi kafin kowa ya tayar da katanga. Babanka yana fadama wajen Auyo, ana bugun shinkafa. Ni ina jego, kwananka ashirin da 'yan kai a duniya. Daga bakin ƙofa na ga shugabansu, wani dogon mutum mai wushirya, ya ɗaura igiya a bakin rijiyar da ke ƙofar lungu, ya ja ta, yana aunawa yana sa a kafa ƙarfe. Ku kuna ce masa fegi. Mu a lokacin turke muka ɗauke shi, har wasu suka ɗaure awaki a jiki. Ya kafa ɗaya a wajen su Inna Fanna, ya auna ƙafa goma, ya kafa ɗaya a wajenmu. Namu ya faɗo cikin tsohon filin gidanmu, bayan ɗakina.

A bayan ɗakin nan ne ungozoma ta binne cibiyarka, ta kifa katangar tulu, wato guntun fasasshen tulu, a kai don shaida. Da na leƙa sai na ga katangar tulun ta koma waje da turken. Taku biyu. Wurin ya zama hanya.

Washegari ungozomar ta zo yi mini wanka. Ta tsaya ta dubi turken, ta dubi katangar tulun, ta riƙe haɓa. Ta ce, “Amarya, kin ga abin da suka yi miki? Sun fitar da ɗanki kan hanya. Yaron da jakuna suka tattake cibiyarsa, ƙafarsa ba ta zama gida. Sai dai ki riƙa jin labarinsa.” Ta faɗi haka, ta sha kunun kanwarta, ta tafi abinta. Ni kuwa ta bar ni da maganar. Ina da shekara goma sha bakwai, kai ne na fari, babanka ba ya nan, uwata tana Kaugama. In na dube ka kana tsotso sai in ga kamar har ka fara tafiya.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, lungu ya yi tsit, na kwantar da kai na ɗauki taɓarya. Na zuba wa gindin turken ruwa, na jijjiga shi har ya fito. Na taka taku biyu cikin lungu, na kafa shi, na doka da taɓarya har ya nutse kamar yadda suka bar shi. Tsohon ramin na cika da toka, na yayyafa ruwa, na share da tsintsiya. Jikina bai gama warkewa ba, na koma ɗaki ina rawar sanyi, amma raina fari ƙal. A ganina na ceci ɗana. Taku biyu a hanyar da ba ta kowa ba ce, wa zai yi kewarsu?

Babanka ya dawo ya kira magini, magini ya bi turke ya ja katanga. Aka zo dubawa, aka ga katanga a gindin turke, aka wuce. Har Allah ya yi wa babanka rasuwa bai sani ba.

Hanyar da na ɗauka ba ta kowa ba ce, ashe ta ruwa ce. Ka san garinmu. In kogi ya cika, ƙasa ma ta ƙoshi, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai dai ya gudu. Duk ruwan hanyar kasuwa ta lungunmu yake gangarawa. Da na matse masa wuya, sai ya riƙa dukan kusurwar katangarmu ya karkata ya faɗa gindin ɗakin Inna Fanna. Damina ta farko ya ci yaɓe. Ta biyu ya ci tubali. Ta uku bangon ya zauna. Allah ya taimaka da rana ne, tana kasuwa. Bayan shekaru ya sake faɗuwa, wannan karon a kan tukwanenta da kwandunan bandar da ta tara tun rani. Kai ma ka tuna, kai ka taya ta tsince kifi daga cikin laka.

Duka biyun ni ce ta farko da ta kai mata tulun ruwan kwaɓa. Na taka mata ƙasa da ƙafata, na dafa wa magina abinci. Tana bin unguwa tana cewa, “Wallahi Amarya ba maƙwabciya ba ce, 'yar'uwa ce.” Ka san har yau Amarya take ce mini, da furfurata da komai. Duk lokacin da ta faɗi haka sai in kau da kai. Kuma duk ranar da ruwa ya sauko, sai ta tsaya a ƙofa da tsumma a ka tana cewa, “Allah ya isa tsakanina da dogon nan mai wushirya da ya matse mana lungu.” Ni ina tsallake ina jin ta, in ce, “Sai haƙuri, Yaya.”

Abba, kada ka taɓa auna unguwa da rani ka ce ka gama. Ka koma ran da ake tafka ruwa, ka naɗe wandonka, ka tsaya ka ga ta inda yake bi. Ka tambayi masu gidajen da ke gangare, su ne suka san shi. Kuma in ka kafa fegi, kada ka kafa ka juya baya. Ka tsaya ka gaya wa mutanen gidan abin da ya sa, da Hausar da tsohuwa za ta gane. Da dogon nan ya ce mana ƙafa goman ba don jaki kaɗai ba ne, don ruwa ne, wataƙila da na ji tsoro. Ban ce laifinsa ba ne, aikinsa ya yi daidai. Amma kai ka ƙara da bayani. Ka kuma tambaya ko layinka ya bi ta kan wani abu da ido ba ya gani. A bayan kowane ɗaki a garin nan akwai abin da aka binne. Wanda ka tambaya zai faɗa maka, ku nemi dabara tare da rana tsaka. Wanda ba ka tambaya ba zai jira ka tafi masallaci.

Akwai saura. Bayan an gama tsarin, aka ba kowane maigida takarda mai hatimi, da zanen filinsa a jiki. Babanka ya ba ni ajiya, na sa a ƙasan adudu. Ban san ko baƙi ɗaya ba a lokacin. In na buɗe adudun na ga layukan nan da ƙananan lambobi sai gabana ya faɗi, in ga kamar takardar ta san abin da na yi, jira kawai take a tambaye ta. Shekarar da bangon Inna Fanna ya fara faɗuwa, na ji mai unguwa ya ce ya kamata a fito da takardu a duba. Ran nan na hura wuta da ita. Na ce wa babanka gara ce ta ci. Ya zazzage adudun a rana, ya yi ta mamakin garar da ta ci takarda ta bar zannuwa. Maganar dubawa kuma ta bi ruwa, damina ta wuce, kowa ya koma harkarsa.

Sai bara, kana ba ni labarin aikinku, ka ce kowace takardar da aka ba mutum, ofis yana ajiye 'yar'uwarta. Na ajiye muciya na fita tsakar gida kamar zan duba kaji. Shekara goma sha takwas ina zaton na ƙone shaidar, ashe tana kwance a wani akwati tana jira. Wata biyu bayan nan na shiga aji. Kun yi ta yi mini ba'a kai da Asabe, kuna cewa innarku za ta zama akawu. Na bar ku. Na gaji ne da tsoron abin da ban iya karantawa ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. In ka miƙa wa mutum takarda, ka karanta masa ita da ƙarfi, ka sa yatsa ka nuna masa, nan ƙofarka, nan rijiya, nan maƙwabcinka. Kada ka bar kowa da takardar da yake jin tsoro a cikin adudunsa.

Yanzu ka gane abin da ya faru makon jiya. Kun tarar da tsohon ƙarfe a gindin katangarmu, kun ɗauka yana inda aka kafa shi, kun auna ƙafa goma daga nan, igiya ta faɗa cikin ɗakin Inna Fanna. Awonku daidai ne, mafarinsa ne ƙarya. Kai ka riƙe bakin igiyar a kan turken da uwarka ta doka da taɓarya.

Ga abin da nake roƙonka. Da ka sauka ka huta, ka rubuta wa maigidanka na awo. Ka ce a nemo 'yar'uwar takardar gidanmu. In ba a same ta ba, a sake awo daga bakin rijiya, daga nan dogon ya fara, kuma rijiya ba ta matsa ba. Ka rubuta da wuri, kada ka bari har a yanke gero. Ni zan je wajen mai unguwa da bakina ranar Asabar, amma maganar tsohuwa ba ta shiga littafi, taka ce za ta shiga. Kada ka ce ba ka san yadda aka yi ba. Ka ce mahaifiyarka ce, ka faɗi dalili in ka ga dama, in kuma ka ji nauyi ka bari ni in faɗa.

Na san abin da zai ci mu. Katangar baya za ta tafi, da madafata, da rabin rumfar da babanka ke zama. Wannan ba komai, zan kafa murhu a gindin dalbejiya. Abin da ya hana ni cin abinci kwanakin nan shi ne sunanka. Ka fara aiki ke nan. Ina tsoron a ce ga mai auna wa mutane hanya, gidansu ne ya fara cin ta. Ina tsoron abokan aikinka su sa maka suna. Na juya maganar ta kowace fuska, har na ce ko in yi shiru sai ka kafu. Amma kafin ka kafu an rushe mata ɗaki, kuma da hannunka aka shafa fentin. Gara a yi maka ba'a shekara ɗaya da ka tashi gaban Allah da ɗakin tsohuwa a wuyanka, alhali ba ka san ma ka ɗauka ba. In maigidanka mutum ne, zai gane cewa wanda ya kawo ƙarar katangar gidansu ba zai bar ta wani ba. In kuma abin ya taɓa aikinka, ka yafe mini. Ban san wata hanyar ba.

Wurin cibiyar zai koma hanya. Na je na tsaya a kansa shekaranjiya. Shekara ashirin da biyu na tsare shi, ko akuya ban bari ta taka ba, ga ka nan a cikin jirgi. Malamin da ke mana karatu ran Alhamis ya ce tafiya da zama duk a rubuce suke tun kafin a yanke cibiya. Na yarda. Amma in ka dawo, kafin a sa dagi, ina so in ɗebi ƙasar wurin a ƙwarya in mayar cikin gida. Kada ka yi mini dariya.

Jiya bayan la'asar na tsallaka wajen Inna Fanna. Na same ta a ƙofa, ƙarƙashin jan fentin, ta miƙe ƙafafu tana ware banda, manya gefe, ƙanana gefe. Ta ce, “Amarya, zo ki taya ni, idona ya daina bambanta tarwaɗa da itacen wuta.” Na zauna. Na ɗauki kifi ɗaya na riƙe, ban ajiye shi ko'ina ba.

Ta ce, “Saya za ki yi ko gaisawa kuke?”

Na ce, “Yaya, magana na zo da ita. Ki bari in kai ƙarshe kafin ki ce komai.”

Na faɗa mata duka, tun daga ungozoma har zuwa takardar, da abin da zan roƙe ka ka rubuta wa maigidanka na awo. Ban ɗaga kai ba. Da na gama sai ta ci gaba da ware bandarta, har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, “Da taɓarya?”

Na ce, “Da taɓarya.”

“Kina jego?”

“Ina jego.”

Ta goge hannu a zane a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta ce, “Bangon, na gina. Tukwanen, na saya wasu. Amma Amarya, shekara nawa ina ja wa bawan Allah nan Allah ya isa? Bayan kowace sallar damina. Kina tsaye kina ji. Yanzu ina zan gan shi in ce ya yafe mini? Ko yana raye ma?”

Ni duk tunanina a kan bango yake, wannan bai taɓa zuwa mini ba.

Ta ce, “Ajiye mini kifina ki tashi. Yau ba na son ganinki. Gobe ma ban sani ba.”

Na tashi. Tun da aka kawo ni unguwar nan ban taɓa tsallaka lungun na ji yana da faɗi haka ba.

Yau da safe, kana wajen ɗaure kayanka, na fita zubar da shara na gan ta tana alwalar walaha. Na ce, “Ina kwana, Yaya.” Ta ci gaba da alwalarta. Na juya zan shiga, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Yaushe motar yaron?” Na ce kafin azahar za ta kai ka tashar jirgi. Ta ce, “In zai rubuta musu, ki ce ya sa sunana daidai. Wancan karon Hanna suka sa, na yi ta zama ana kiran wata.” Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Na koma ɗaki na ƙarasa wannan a gurguje, shi ya sa ka ga rubutun ƙarshen ya fi muni.

To ga shi da manyan baƙaƙe, kada ka kuskure: FANNA.

Kuma in ka saba da malamanku na can, ka tambayi tsofaffin cikinsu ko akwai wanda ya san wani dogon mai awo, mai wushirya, da ya yi aiki a Haɗeja shekarar gobarar kasuwa. In yana raye, ka nemo mana inda takarda za ta same shi. Inna Fanna za ta faɗa, ni in rubuta, in ta yarda ta zauna kusa da ni. In kuma ya riga mu gidan gaskiya, ka gaya mini, mu san sadakar da za mu yi masa.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Kada ka sha ruwan da ba ka ga inda aka ɗebo ba. In sanyi ya sauko ka rufe ƙirjinka, irin na babanka gare ka. Allah ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya buɗe maka karatu, ya sa igiyarka kada ta taɓa cutar wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka.